In na ba abokiyar aikina Kirista tarjamar Alƙur'ani, za ta fahimce mu kuwa?

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a nan cikin Katsina. An turo mana wata 'yar bautar ƙasa daga Binuwai, Kirista ce, yarinya mai hankali wallahi, mun saba sosai har gidanmu tana zuwa. Rannan muna zaune a ofis ta nuna mani wani bidiyo a wayarta, wani mai wa'azinsu na karanto ayoyi wai Alƙur'ani ya ce a kashe duk wanda ba musulmi ba. Ta ce ita gaskiya take son sani, don abin da ta gani gare mu ya sha bamban da abin da aka gaya mata kafin ta taho. Ni abin da ya zo mani shi ne in saya mata tarjamar Alƙur'ani ta Turanci ta karanta da kanta, amma maigidana ya ce bai halatta ba, kuma ma ba abin da zai amfana mata. Malam shin karanta Alƙur'ani na taimaka wa wanda ba musulmi ba ya gane musulunci da musulmi, ko dai in bar maganar?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama Allah ya saka maki da alheri, ya yi wa maigidan naki albarka, don shi ma ba daga sama ya tsinko maganarshi ba, tana da inda ta samo asali. Tambayar taki in an warware ta guda uku ce kika ɗaure wuri ɗaya, ko ya halatta a ba ta, ko karatun zai sa ta gane musulunci, sai kuma ko zai sa ta gane musulmi. Mutane da yawa na ɗaukar biyun ƙarshen nan abu ɗaya ne, ni kuwa a shekarun da na yi ina koyar da darussan addinin musulunci a babbar makaranta, inda ba a rasa Kiristoci cikin ɗalibai da abokan aiki, na ga ba ɗaya ba ne ko kusa. A taƙaice dai yana taimakawa, amma ba shi kaɗai ba, kuma in kika miƙa mata littafin kika kama gabanki kina ganin kin sauke nauyi, to yana iya ƙara dagula mata lissafi.

Batun halacci tukuna

Abin da maigidanki ya riƙe shi ne hukuncin Mus'hafi, wato Alƙur'anin Larabci tsantsa. A mazhabarmu ta Malikiyya ko musulmi ba ya taɓa shi ba alwala in ba mai koyo ko mai koyarwa ba ne, balle a damƙa shi ga wanda ba musulmi ba, kuma akwai hadisi a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim da ya hana a yi tafiya da Alƙur'ani zuwa ƙasar abokan gaba. To amma tarjama ba Mus'hafi ba ce, fassarar ma'ana ce da ɗan Adam ya yi, ba a salla da ita, shi ya sa malamai da yawa suka ba ta hukuncin littafin tafsiri. Hujjar da suka fi kawowa ita ce wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya aika wa Hiraƙal sarkin Rum, Kirista ne, kuma a cikin wasiƙar akwai aya ta 64 ta Ali Imrana. Ga kuma aya ta 6 ta Suratu Tauba da ta ce in mushriki ya nemi mafaka a ba shi har ya ji zancen Allah. Inda aka fi saɓani shi ne bugun da aka haɗa Larabci da tarjama a shafi ɗaya. Mafi sauƙi ki nemi wanda ba Larabci a ciki, akwai tarjamar Abdel Haleem da ta fito a 2004, ana samun ta Turanci zalla kuma Turancinta na zamani ne, ba irin na Pickthall na 1930 ko na Yusuf Ali na 1934 ba da suka yi nauyi ga mai farawa. Da wannan ke da maigida kowa ya huta. Kuma mu faɗi gaskiya, wayar da ke hannunta in ta ga dama yanzu za ta sauke tarjama goma ba ta tambayi kowa ba, saboda haka abin da ya rage a hannunmu shi ne wacce za ta karanta kuma da wa.

Mu kanmu ba haka muka koye shi ba

Nan ne nake son mu ɗan tsaya. Ki tuna yadda ke da ni muka san Alƙur'ani. An kai mu makarantar allo muna 'yan shekara huɗu ko biyar, aka fara mana da babbaƙu da farfaru, Fatiha, sai Nasi, Falaƙi, Ƙulhuwa, ana haurawa daga ƙasa zuwa sama, a wanke allo a sake rubutu, ba wanda ya ce mana ga ma'anar abin da muke rerawa. Addinin da muke yi kullum kuwa ba daga allon muka ɗauko shi ba, a gida muka gan shi, uwa na alwala muna kallo, uba ya ja mu masallaci, kaka ta buge hannu in mun kai loma da hagu. Wanda ya zarce karatun zaure sai a ɗora mashi Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, a haɗa da Larabci da hadisi, tafsiri shi ne kusan na ƙarshe, sai mutum ya yi gemu ake buɗe mashi Jalalaini. Garin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ne nan, ɗaruruwan shekaru ana karatu a gindin Gobarau, ba a taɓa jin an ba mutum littafi an ce je ka gane da kanka ba.

Ko tafsirin azumi ki duba. Mai jan baƙi ya ja aya ɗaya ya yi shiru, malam ya kwashe rabin awa a kanta, ya faɗi a kan wa ta sauka, a Makka ne ko Madina, wace aya ce ta zo bayanta ta ƙayyade ta, mi Ibn Abbas ya ce, mi Malam Abdullahi na Gwandu ya ce a Liya'ut Ta'awili, mutane zaune kan tabarmi wasu da carbi wasu na gyangyaɗin yunwa, kuma waɗannan duk a cikin musulunci aka haife su. To ta yaya za mu zaci yarinyar da ta taso a coci a Binuwai, ta zauna ita kaɗai a ɗakinta da dare da tarjama, ta fito da abin da mu sai da malami muke samu?

Akwai wani abokin aikina Kirista, malamin lissafi, mutum mai son sanin abu, ya taɓa kawo mani tarjamar da ya saya da kuɗinshi. Ya faro daga bangon farko kamar yadda ake karanta kowane littafi, Fatiha ta yi mashi daɗi, ya ce ta yi kama da addu'ar da suke yi, daga nan ya faɗa Baƙara mai aya 286. Da na buɗa sai na ga gefen shafukan duk jan biro, alamar tambaya a jere. A wani wuri ya rubuta "su wa ke nan?" a wani wuri "wa ke magana a nan?" Ya ce mani Malam ana cikin labarin Musa sai a koma alƙibla, sai azumi, sai saki, sai bashi, ina labarin ya tafi? Shi ya saba da Baibul, inda ake farawa daga halittar duniya a bi zuriya zuriya har a kai ga Yesu da almajiranshi. Alƙur'ani ba a jere shi bisa tarihi ba. Surori 114 ne da suka sauka cikin kusan shekara 23, sha uku a Makka goma a Madina, kuma dogayen surorin Madina masu hukunce-hukunce da zancen yaƙi su ne a gaba, gajerun Makka masu zancen tauhidi da lahira da maraya da miskini suna can ƙarshe. Kin ga ke nan mai farawa daga farko ya fara ne da inda ya fi buƙatar malami. Kuma littafin na magana da mutanen da suka riga suka san abin da ya faru, ba ya tsayawa ya ce maki ga yadda yaƙin Uhudu ya kasance daki-daki, sunan Annabi Muhammadu (SAW) kanshi sau huɗu ya zo, tarihin rayuwarshi kuwa sai an koma sira.

Abin da za ta samu, kuma ba ƙarami ba ne

Kada wannan ya sa ki zaci ina rage wa karatun daraja. Akwai abubuwan da ba inda za ta same su da ƙarfi kamar a cikin littafin kanshi. Za ta ga wane ne Allah a wurin musulmi, cewa kowace sura ban da Tauba da sunan Mai rahama Mai jinƙai ta fara. Za ta ga hisabi da lahira sun cika littafin, daga nan ta gane dalilin da ya sa ɗan kasuwa ke rufe shago ya tafi salla ana tsakar ciniki. Za ta tarar da Ibrahim da Nuhu da Yusufu da Dawuda da Yunusa, za ta ga an fi ambaton Annabi Musa a kan kowane annabi, sannan abin da ya fi girgiza Kiristocin da na sani, za ta ga sura guda sukutum da sunan Nana Maryam, ita kaɗai ce macen da aka kira da sunanta a Alƙur'ani, da haihuwar Annabi Isa ba uba, da mu'ujizojinshi. Da yawansu an taso da su a kan cewa mu maƙiyan Yesu ne. Wannan surar ce fa Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi sarkin Habasha da manyan limaman cocinshi, sarki ya yi kuka ya ƙi miƙa musulmin ga Ƙuraishawa.

To amma ko a musulunci kanshi, ban da musulmi, akwai iyakar inda littafin shi kaɗai zai kai ta. Za ta ga an ce a tsai da salla sau da yawa, ba za ta ga azahar raka'a huɗu ce magariba uku ba. Za ta ga zakka, ba za ta ga nisabi ba. Giya kuwa za ta tarar da aya a Baƙara da ta ce akwai zunubi babba da wasu amfanoni, wata a Nisa'i ta ce kar a kusanci salla cikin maye, wata a Ma'ida ta ce a nisance ta ɗungurungum, in ba wanda ya gaya mata cewa mataki-mataki aka bi wajen haramcin sai ta ce littafin na karo da juna.

Ayar da ke cikin bidiyon

Ban ga bidiyon ba amma kusan kullum ayoyin ɗaya ne, aya ta 5 ta Tauba da ta 191 ta Baƙara, "ku kashe su inda duk kuka same su". Ki zauna da ita ku buɗe tare, kar ki ce mata babu ayar, tana nan. Sai ku karanta ta 190 da ke gabanta, wadda ta ce ku yaƙi waɗanda ke yaƙar ku kuma kar ku ƙetare iyaka, da ta 192 da ke bayanta da ta ce in sun daina to Allah Mai gafara ne. A Tauba ku faro daga aya ta 1, za ta ga zancen alƙawari ne tsakanin musulmi da mushrikan Larabawa a shekara ta 9 bayan hijira, aya ta 4 ta cire waɗanda ba su warware alƙawari ba, ta 6 kuma ita ce wadda na ambata, a ba mai neman mafaka mafaka a kuma raka shi inda zai aminta. Sai ku haɗa da aya ta 8 ta Mumtahana, cewa Allah bai hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba su fitar da ku daga gidajenku ba, da "babu tilas a addini" ta Baƙara 256.

Amma fa ki yi mata adalci, kar ki nuna mata kamar ba a taɓa samun musulmin da ya karanta ayoyin nan yadda mai bidiyon ya karanta su ba. Cikin malaman farko akwai waɗanda suka ce ayar Tauba ta shafe ayoyin sassauci, wasu suka ƙi yarda da haka, zance ne mai tsawo a littattafan tafsiri. Kuma 'yan Boko Haram da waɗannan ayoyin suka yi ta kafa hujja, haka Hawarijawa, masu tsattsauran ra'ayin da suka yi wa Sayyidina Ali tawaye tun a zamaninshi, mahaddata ne masu tsayuwar dare, Annabi (SAW) ya siffanta irinsu da cewa suna karanta Alƙur'ani ba ya wuce maƙogwaronsu. Abin lura shi ne mai bidiyon da ɗan ta'addan karatu iri ɗaya suke yi, kowa ya yanko rabin aya ya jefar da na gabanta da na bayanta. In tana son ta ji yadda abin yake, tambaye ta maganar Yesu a Matiyu 10:34 inda ya ce bai zo don ya kawo salama ba sai takobi. Nan take za ta ce maki a'a ba haka ake nufi ba, sai an duba abin da ke kewaye da ita. To shi ke nan abin da muke roƙo. Mu ma nan sai mu ji kunya kaɗan, don samarinmu da suka taso da kaset ɗin muhawarar Ahmad Deedat, yanzu kuma TikTok, haka suke yi wa Baibul, a haddace aya biyar ta kayar da abokin gardama ba a taɓa karanta babi ɗaya cikakke ba.

Wani abin kuma, akwai wuraren da ko an kawo sababin sauka da duk wani bayani ba za su yi mata daɗi ba, kuma bai kamata a shafa masu zuma ba. Alƙur'ani ya ce Allah bai haifa ba ba a haife shi ba, ya kore allah-uku-cikin-ɗaya ƙarara a Ma'ida 73, ya ce ba a kashe Annabi Isa ba ba a gicciye shi ba a Nisa'i 157, wannan kuwa shi ne ginshiƙin addininta. Masu cewa ai duk ɗaya ne don a zauna lafiya ba su kyauta wa kowa ba, ranar da ta karanta da idonta za ta ga an yi mata rufa-rufa. Ta san inda muka haɗu ta san inda muka rabu, fahimta ke nan, ba sai ta yarda ba.

Musulmi kuma fa?

Nan ne littafin ya fi gajarta mata, ba don naƙasa gare shi ba, sai don mu ba shi ba ne. Nana A'isha aka tambaya halin Annabi (SAW) ta ce halinshi Alƙur'ani ne, shi ke nan shi, mu kuwa sai a hankali. Musulmi a duniya sun kusa biliyan biyu, Larabawa ba su wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, ƙasar da ta yi suna da yawan musulmi Indonesiya ce, kowa da al'adarshi da tarihinshi da siyasarshi. A nan Katsina kaɗai za ta ga wani ya saki hannu a salla wani ya kama, wani na zuwa wazifa da maulidi wani na cewa bidi'a ne, ɗan ɗariƙa da ɗan Izala da ɗan Shi'a, duka Alƙur'ani ɗaya suke karantawa izu sittin ba ragi ba ƙari. Ko ta sauke tarjamar sau uku ba za ta gane mi ya raba su ba sai an ba ta labarin Shehu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass, da Malam Abubakar Gumi da kafuwar Izala a Jos a 1978, da juyin Iran na 1979.

Ta je hawan salla ta ga dawaki a Ƙofar Soro, ko Sallar Gani a Daura, ba aya ce ta kawo su ba, sarauta ce da tarihi. Lefe da gara da kayan ɗaki da ke hana samari aure, al'ada ce. Yaran da take gani da roba a bakin gidajen abinci, za ta nemi inda aka ce a tura yaro ɗan shekara bakwai wani gari ya yi bara ba za ta samu ba, talauci ne da sakacin iyaye da na hukuma da rushewar tsarin da ke ɗaukar nauyin tsangaya a da. 'Yan bindigar da suka addabi Batsari da Jibiya da Safana da Faskari, waɗanda suka kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, sunayen musulmi gare su kuma yawancin waɗanda suke kashewa musulmi ne, har a masallaci. Wanda ya buɗe Alƙur'ani don ya gane wannan bala'in ya ɓata hanya, sai dai ya bincika rikicin noma da kiwo da satar shanu da yaɗuwar makamai da kuɗin fansa da zaluncin da aka bari ya yi tsatsa.

Kuma ki sa a ranki akwai abin da take ɗauke da shi wanda wataƙila kunya ta hana ta faɗa maki, irin kisan ɗalibar nan Kirista da taron jama'a suka jefe a Sakkwato a 2022 bisa zargin ɓatanci ga Annabi (SAW). Duk Kiristan da aka turo arewa ya ji wannan labarin, iyayenshi sun ja mashi kunne da shi. In ta tayar da maganar kar ki kauce, kar kuma ki hau kare-kare. Ki gaya mata yadda Annabi (SAW) yake a zukatanmu, ki kuma gaya mata cewa hukunci a shari'a na alƙali ne da hukuma ba na taron jama'a ba, kuma fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Sannan ta san da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, dattijon da ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinshi da gidanshi a 2018 ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Shi ma Alƙur'anin nan ya karanta. Da masu jifan da limamin duk musulmi ne, in tana son ta gane mu dole ta riƙe duka biyun, ta kuma tambaya wanne ne ya fi kusa da abin da littafin ya koyar, a nan ne karatun nata zai yi mata rana.

Niyyar mai karatu

Turawa sun daɗe da tarjamar Alƙur'ani. Ta farko da Latin an gama ta a 1143, wani shugaban gidan ibadar Kirista a Faransa ne ya sa aka yi don a samu abin mayar wa musulunci martani, kuma ɗaruruwan shekaru ana karanta ta ba ta kawo wata fahimta ba. A ɗaya gefen ga Muhammad Asad, Bayahude ɗan Turai da ya musulunta a 1926 har ya zo ya yi tashi tarjamar, amma shi sai da ya zauna cikin Larabawa ya ci abincinsu ya yi tafiya da su. A gida Najeriya akwai Bishop Josiah Idowu-Fearon na cocin Angilika da ya yi digiri a kan musulunci a Ingila, ya zauna Kaduna shekaru, bai bar addininshi ba amma in yana bayanin musulunci sai ki rantse a zaure ya yi karatu. Ko a Makka haka ne, Sayyidina Umar ya karanta farkon Suratu Ɗaha zuciyarshi ta karye, Walidu ɗan Mugira ya saurara ya yaba da daɗin zancen sannan ya juya ya ce sihiri ne. Ƙawar taki alamarta mai kyau ce tunda ita ta kawo tambayar, kuma dalilin tambayar shi ne abin da ta gani gare ku. Kin ga ashe zaman da kuka yi da ita ya riga littafin aiki.

Yadda zan yi in ni ne

Ki saya mata tarjamar, amma ki ce kar ta faro daga farko. Fatiha, sai Maryam, sai Yusufu don ita ce labari ɗaya daga farko har ƙarshe kuma ta san shi a Baibul, sai Luƙman da Hujurati don ta ga tarbiyya da zaman tare, sai gajerun surorin ƙarshe irin su Duha da Ma'un da Ihlasi. Baƙara da Nisa'i da Anfali da Tauba a bar su sai ta karanta tarihin Annabi (SAW) ko da ƙaramin littafi ne, don sira ita ce ke gaya mata wa ake nufi da "su" ɗin nan da ya ishi abokina. Ki haɗa mata da Arba'una Hadisi ta Nawawi, akwai ta da Turanci kuma ba ta da yawa. Ki kunna mata ƙira'a ta saurara ko ba ta jin Larabci, don mu da kunne muka fara sanin Alƙur'ani, takarda ba ta ɗaukar wannan. In Hausarta ta nuna nan gaba akwai tarjamar Malam Abubakar Gumi da ta Malam Nasiru Kabara, sai dai su da Larabcinsu suke.

Ki bar ta ta yi tambaya kowace iri ce ba tare da kin ɓata rai ba, har da su mata huɗu da rabon gado da haddi, za ta yi su. Wanda kika sani ki amsa, wanda ya fi ƙarfinki ki ce bari in tambayo, ya fi ki ƙirƙiro amsa. Ki nisanta ta da bidiyoyin muhawara namu da nasu, kuma kar ki kai ta wurin malamin da daga gaisawa zai ce ta yi kalmar shahada, in ta ji ana farautarta za ta rufe littafin ta rufe bakinta. Ke ma ki tambaye ta nata addinin ki saurara, yawancinmu ba mu san bambancin Katolika da ECWA ba alhali ga Hausawa Kiristoci nan a Malumfashi da Kafur muna cin kasuwa ɗaya.

Iyakata a nan ita ce waɗanda nake ba ki labarinsu su ne suka kawo kansu wurina, masu son sani ne tun asali, ba zan auna kowa da su ba. Cikinsu akwai wanda ya karanta ya ƙara girmama musulmi yana nan a cocinshi, akwai wanda ya gaji ya ajiye a rabin Baƙara, akwai wanda ya fito da tambayoyi fiye da waɗanda ya shiga da su. Batun halaccin kuma na faɗi abin da na fi natsuwa da shi ne, in maigida na da malamin da yake komawa gare shi ku je tare ku ji, kar ki saya a ɓoye. In ya ƙi sam, ki riƙe littafin a hannunki ki riƙa karanta mata kuna tattaunawa lokacin tashi tara, wannan ba wanda ya hana. Wallahu a'alam.